Zazzaɓi ya tafi, ƙarfi bai dawo ba: me ya haɗa ƙwayar bairas da ciwon kumburin tsoka?

Yayata tana toya waina a Agege, a bakin wani lungu, shekara fiye da 15 ke nan. Mace ce mai ƙarfin jiki, irin wadda ke ɗaga bokitin ƙullu da hannu ɗaya tana ciniki da mai saye. A ƙarshen daminar 2021 ta yi wani zazzaɓi mai tari da ciwon jiki, ta kwanta kwana 6, ta sha abin da kowa ke sha, ta warware ta koma kan tanda. Babu wanda ya sake tuna zancen. Sai bayan kamar wata ɗaya da rabi muka lura idan za ta tashi daga kujera 'yar tsugunno sai ta dafa gwiwa, daga baya sai ta dafa bango, daga baya kuma sai an miƙa mata hannu. Ranar da hankalina ya tashi ita ce ranar da na raka ta Mile 12 sayen tattasai. Ba mu kai rabin matakalar gadar masu tafiya a ƙafa ba ta tsaya cak, ta riƙe ƙarfen gefe ta ce, "Auta, ƙafar ba ciwo take ba, ƙin ɗaguwa take yi."

A cikin wannan maganar tata amsar take, amma a lokacin ban gane ba. Mu idan an ce jiki ba daɗi, ciwo muke tambaya: ina ke yi miki ciwo? Ita kuwa ba ciwo ne ya dame ta ba. Hannu ne ya ƙi kaiwa ka, har ɗankwali sai 'yarta ta ɗaura mata. Tasowa daga sujada ya gagara, ta koma sallah a zaune. Fatar idanunta ta kumbura ta yi duhu, gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi da ɗan kaushi. A Legas kuwa kowa ya san abin da ake faɗa idan gaɓoɓin yatsun mace sun fi sauran hannun duhu, sai a ce man bilicin ne. Wannan tsegumin ya fi ciwon ƙona mata rai, don ba ta taɓa shafa shi ba.

Sau 3 aka yi mata maganin taifod. Da aka auna jini aka ga sinadarai biyu da ake duba hanta da su, AST da ALT, sun hau, sai aka ce ciwon hanta ne, aka hana ta mai da nama, ta shiga shan jiƙe-jiƙe. Daga gida kuma aka fara zancen jifa. Wata 4 muka ɓata a haka. Sai wata rana a wani asibitin gwamnati, wani matashin likita ya ture takardun gwajin gefe ya ce, "Mama, harɗe hannuwanki a ƙirji ki tashi daga kujerar nan." Ni ne tafinta, na faɗa mata da Hausa. Ta yunƙura sau 2 ta kasa. Ya sa ta ɗaga dantsenta, ya danna da yatsu biyu, hannun ya sauka. Ya duba yatsunta da fatar idonta, ya rubuta gwaji guda ɗaya, CK, wani sinadarin tsoka da ke hawa a jini idan tana lalacewa. Sakamakon da ya kamata ya tsaya a ɗaruruwa kaɗan ya fito a dubbai. Ashe AST da ALT ɗin nan ma ba daga hanta suka fito ba. Tsoka ma tana ɗauke da su, idan tana lalacewa sai su tsiyaye cikin jini.

Sunan ciwon damatomayosaitis. Da aka tura mu wurin ƙwararren likitan gaɓoɓi da cututtukan garkuwar jiki, abin da Yaya ta fara cewa shi ne, "Tambaye shi, wannan zazzaɓin da na yi ne ya jawo min?" Likitan ya ce mai yiwuwa shi ya tayar da ciwon, amma ba shi ne ciwon ba, kuma babu gwajin da zai koma baya ya tabbatar. Na fassara mata, ta yi shiru. Ni ma amsar ba ta ishe ni ba, shi ya sa na bi zancen har na fahimci dalilin da ya sa ya faɗi haka.

Mayosaitis, a bakin likitoci, kumburin tsoka ne, amma ba irin na targaɗe da ido ke gani ba. Idan aka yanko ɗan ƙanƙanin nama daga cinya aka duba a madubin bincike, sai a ga fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke ce wa sojojin jiki, sun yi dafifi a tsakanin zaruruwan tsokar ko a kewayen ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Aikin sojojin nan farautar baƙon abu ne. A nan kuwa babu baƙo, 'yan gida suka faɗa wa. Tsokokin da suka fi shan wuya su ne na kusa da gangar jiki, wato cinya da ƙugu da kafaɗa da wuya, kuma dama da hagu a tare. Shi ya sa mai ciwon zai ƙirga kuɗi da yatsunsa lafiya lau, amma ya kasa taka ƙofar danfo. Hakan ne kuma ya raba shi da shanyewar ɓarin jiki, wadda ke zuwa farat ɗaya a gefe guda.

Ciwon dangi ne, ba guda ɗaya ba. Akwai mai haɗawa da fata irin na Yaya, wanda ke kama mata kusan ninki 2 na maza, yana kuma kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Akwai mai haɗawa da huhu da tsagewar fatar yatsu kamar hannun makanike. Akwai wanda zaruruwan tsokar ke mutuwa da sauri, wanda a wasu tsirarun mutane maganin rage kitsen jini na dangin statin ne ke tayar da shi. Akwai kuma na masu shekara 50 zuwa sama, mafi yawa maza, mai tafiyar hawainiya, wanda shi yatsun hannu da gaban cinya yake fara ci, ba ya kuma jin magani kamar sauran. Tun 1975 likitoci biyu a Amurka, Bohan da Peter, suka tsara ma'aunin gane ciwon, aka fito da sabon ma'auni a 2017. Duka dangin ba su da yawa. A ƙasashen da aka ƙirga, sababbin masu kamuwa ba su kai 20 cikin miliyan ɗaya ba a shekara. Sai dai a birni mai mutum fiye da miliyan 15, wannan ɗan ƙaramin kason ma gidaje ne da yawa.

To ina bairas ya shigo? A nan ake zuba abubuwa daban-daban a kwando ɗaya.

Kowa ya san ciwon jikin da ke zuwa da mura mai tsanani, wannan ba shi muke nufi ba, yana tafiya tare da zazzaɓin. Akwai kuma wani da ke firgita iyaye: yaro ɗan makarantar firamare ya gama mura, musamman ta infuluwenza nau'in B, sai a wayi gari ya ƙi taka ƙasa, yana kuka da sharaɓa, in ma ya tako sai a kan yatsun ƙafa. Wani likita a Suwidin, Lundberg, ya bayyana shi tun 1957. CK na hawa, amma cikin mako guda yaro ya miƙe da kansa. Abin da ake tsoro a irin wannan kawai shi ne fitsari ya koma launin baƙin shayi, alamar tsoka na narkewa da yawa, dattinta kuma na iya toshe ƙoda. Infuluwenza da zazzaɓin dengi da korona duk sun taɓa yin haka, ga yara da manya. Kuma a ƙasar da ta sha fama da shan inna, duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya asibiti ya kamata a nufa da shi, ba a zauna ana hasashe ba.

Sai ƙwayoyin da idan sun shiga jiki zama suke yi. A nan alaƙar ta fi ƙarfi, kuma ta fi shafar mu. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka gane cewa masu ɗauke da HIV na iya samun kumburin tsoka mai kama da wanda garkuwar jiki ke jawowa, wani lokaci ma shi ne alamar farko kafin mutum ya san yana da ƙwayar. Abin da ya ba masu bincike mamaki shi ne, da suka duba, ba su sami ƙwayar a cikin zaren tsokar ba. A cikin wasu sojojin jiki da ke kewaye suka same ta. Wato ba bairas ne ke cin naman ba, ya dai hargitsa sojojin ne, su kuma suka auka wa tsoka. Haka aka gani da wata ƙwaya 'yar'uwarta, HTLV-1, wadda aka gano a 1980, wadda ake samu a kudancin Japan da tsibiran Karebiya da nan Afirka ta Yamma, tana bi ta jini da saduwa da nono. A ƙarshen shekarun 1980 likitocin Jamaika suka lura mafi yawan masu kumburin tsokar da suke dubawa suna ɗauke da ita. A Japan kuma an ga ciwon hanta nau'in C ya fi yawa sosai a cikin masu nau'in nan na tsofaffi. Ƙidayar ƙasa ta 2018 ta nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a Najeriya, don haka idan likita ya ce a yi wannan gwajin ga wanda ƙarfinsa ya tafi, ba zargi ba ne, ƙa'idar aiki ce. Yaya ma an yi mata. Wani abin da ya ƙara dagula lissafi a da shi ne tsohon maganin HIV, zidovudine, wanda shi kansa yana raunana tsoka idan an daɗe ana sha. Yanzu mafi yawan masu karɓar magani a nan sun koma kan haɗin da ke da dolutegravir.

Amma tambayar Yaya ba ta cikin waɗannan. Ita zazzaɓinta ya zo ya wuce. Shin bairas da ya riga ya tafi zai iya barin ciwon da zai ɗauki shekaru?

Zargin tsoho ne, kuma yana da tushe. A 1948 Gilbert Dalldorf da Grace Sickles suna binciken shan inna a jihar New York, sai suka ciro wata sabuwar ƙwaya daga bayan gidan wasu yara na wani ƙaramin gari mai suna Coxsackie. Da suka sa wa jariran ɓeraye ita, sai tsokokinsu suka lalace. Ga shi dai a fili, bairas mai son tsoka, ɗan gida ɗaya da na shan inna. Daga nan aka shiga farauta. A 1967 wani mai bincike a Amurka, Chou, ya ga wasu sirara-siraran zaruruwa a cikin tsokar wani majiyyaci masu kama da dangin ƙwayar hangum, aka yi shekaru ana zaton an kama ɓarawon. Daga baya ta tabbata ba bairas ba ne, furotin ɗin jikin ne ya dunƙule. A shekarun 1980 aka sami rahotannin cewa yara masu damatomayosaitis sun fi takwarorinsu alamar sun taɓa haɗuwa da ƙwayar Coxsackie. Sai ga sabuwar fasahar PCR, wadda ke iya gano ɗan ɓurɓushin ƙwaya komai ƙanƙantarsa, wadda duk muka ji sunanta lokacin korona. A 1992 masu bincike na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka suka bi tsokar majiyyata da ita suna neman ƙwayoyin da ake zargi, ba su sami ko ɗaya ba.

A wurina wannan sakamakon shi ne mafi muhimmanci a duk tarihin, duk da cewa babu abin da aka samu. Ya nuna cewa a lokacin da mutum ya kasa tashi daga kujera, babu wata ƙwaya zaune a cikin tsokarsa da za a kashe. Duk allurar kashe ƙwayoyin cuta da aka yi wa Yaya, duk maganin taifod da na maleriya, dukan iska ne. Daga nan ne masana suka daina tambayar ina ƙwayar take, suka koma tambayar me ta bari.

Abin da suka samu sawu ne. Jiki na da wata ƙararrawa mai suna intaferon, wadda Isaacs da Lindenmann suka gano a Landan a 1957. Da zarar bairas ya shiga wata ƙwayar halitta, sai ta saki intaferon don a sanar da maƙwabta su rufe ƙofa, sojoji kuma su fito. Wani ɓangare na ciwon jiki da kasalar da muke ji lokacin mura ma aikinta ne. A lafiyayyen jiki, ana gama yaƙin ake kashe ƙararrawar. A mai damatomayosaitis kuwa, idan aka auna fata da tsoka da jini, sai a tarar ƙararrawar na ta ƙara kamar har yanzu maƙiyi na cikin gari. Ƙananan hanyoyin jini su lalace, zaruruwan da ke gefen kowane damin tsoka su ƙanƙance. Har akwai wani furotin mai suna MxA, wanda asalin aikinsa tare ƙwayar mura ne, da yanzu masu duba nama ke nema a tsoka don tabbatar da ciwon. Kuma an sha ruwaito mutanen da aka yi wa allurar intaferon a matsayin maganin ciwon hanta nau'in C, suka wayi gari da kumburin tsoka. Wannan ya nuna ƙararrawar kaɗai, ko babu bairas a tsokar, tana iya yin ɓarna.

Inda zancen ya fi ɗaukar hankalina shi ne MDA5. A 2005 wani likita a Japan, Shinji Sato, da abokan aikinsa suka gano wani makamin garkuwa, irin wanda ake kira antibodi, a jinin wasu masu damatomayosaitis waɗanda tsokarsu ba ta cika lalacewa ba, amma fatarsu na yin gyambo, huhunsu kuma na ƙagewa cikin makonni. A 2009 suka gano abin da makamin ke hari. Wani furotin ne mai suna MDA5, aikinsa kuwa gadi: yana zaune a cikin ƙwayoyin halitta yana jiran zaren gadon bairas, wato RNA, idan ya kama shi sai ya buga ƙararrawar intaferon. Dangin Coxsackie na cikin waɗanda yake kamawa, haka ma dangin korona. Ka duba fa, cikin dubban furotin da ke jiki, wanda garkuwa ta juya wa baya shi ne mai gadin da ke kama bairas. Bayanin da masana da yawa suka karkata gare shi shi ne, lokacin kamuwa jiki na ƙera MDA5 da yawa, ƙwayoyin halitta na fashewa, sai mai gadin ya fito fili riƙe da ɓarawo, sojoji su haɗa su biyun su yi musu kuɗin goro. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Irin wannan bayanin aka kawo tun 1983 game da wani makamin, Jo-1, wanda ke harin wani furotin da ke cuɗanya da RNA. An kuma lura cewa wasu nau'o'in ciwon sun fi tasowa a wasu watanni na shekara, kamar yadda mura ke da lokacinta. A Japan, na MDA5 ya fi fitowa daga kaka zuwa hunturu.

Sai korona ta zo. A nan Legas aka tabbatar da mutum na farko a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairun 2020. Likitocin da suka san ciwon MDA5 suka lura cewa hoton huhun mai korona mai tsanani da na mai wannan ciwon kusan ba a rabe su, sinadarin feritin ma na hawa a duka biyun. A 2024 likitocin Leeds da ke Ingila, tare da abokan aikinsu na Amurka, suka wallafa cewa a yankin Yorkshire, inda da kyar ake ganin ciwon a da, sun ƙirga mutum 60 a 'yan shekarun, mafi yawansu a 2021, 8 daga ciki suka rasu. Wannan hujja ce mai nauyi, amma su kansu sun faɗi cewa kaɗan ne daga cikin majiyyatan aka tabbatar sun yi korona da gwaji. Abu biyu sun zo lokaci ɗaya, a wuri ɗaya, kuma akwai hanyar da hankali zai ɗauka cewa ɗaya ya haifi ɗaya. Nan dai hujjar ta tsaya.

Akwai wata hanyar da ake zargi, ta kamanni. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma garkuwar jiki wani lokaci ba ta bambancewa. Idan wani yanki na jikin ƙwayar cuta ya yi kama da wani yanki na naman mutum, makamin da aka ƙera don ƙwayar sai ya sari naman. Wannan tabbatacce ne a wasu cututtukan. Ciwon maƙogwaron da bakteriya ke jawo wa yara yana iya komawa ya lalata marufan zuciya bayan makonni, abin da har yau yake kwantar da matasa a asibitocinmu. A kumburin tsoka an sami 'yan kamanni tsakanin wasu ƙwayoyi da furotin ɗin da ake hari, amma ba a kai ga irin waccan tabbacin ba.

Me ya sa tabbatarwar ke da wuya haka? Saboda kusan kowa na yin mura. A wani bincike kan yara masu damatomayosaitis a Amurka, fiye da rabinsu an ce sun yi mura ko tari a watanni 3 kafin ciwon. To wane yaro ne a Agege ko Idi-Araba zai yi wata 3 bai yi majina ba? Don a tabbatar, sai an bi ɗimbin mutane tun suna lafiya ana ajiye jininsu shekara da shekaru. An yi hakan ga wani ciwon garkuwar jiki mai lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wanda ake kira MS. An bi sojojin Amurka fiye da miliyan 10, a 2022 aka wallafa cewa kamuwa da ƙwayar Epstein-Barr na ninka haɗarin ciwon sau 32. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya na ɗauke da wannan ƙwayar, kuma kaɗan ne ƙwarai ke yin ciwon. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai abin da mutum ya gada, musamman wasu ƙwayoyin gado da ake kira HLA waɗanda ke tsara yadda ake nuna wa sojojin jiki abin da za su yaƙa, kuma an tabbatar wasu nau'o'insu na ƙara haɗarin mayosaitis. Gado kaɗai ba ya kawo ciwon, bairas kaɗai ma haka, ba kuma ɗaukarsa ake yi daga wani ba. Wannan na ƙarshen sai da na maimaita wa masu sayen wainar Yaya fiye da sau ɗaya.

Kuma ba bairas ne kaɗai ake zargi ba. Hasken rana na tayar da na fata. Shan taba na da hannu a na huhu. Mafi nauyi shi ne ciwon daji: a wasu manya, damatomayosaitis alama ce ta daji da ke ɓoye, galibi a shekara 3 na farko, shi ya sa aka duba Yaya nono da mahaifa da ciki da ƙirji. Wanda ya kafe a kan cewa zazzaɓi ne ya jawo masa, ya ƙi wannan binciken, ya cuci kansa.

Duk wannan bayanin yana da amfani a aikace, don maganin ya saɓa wa abin da muka saba. Mu mun taso da cewa mara lafiya a ƙara masa garkuwar jiki. A wannan ciwon rage mata ƙarfi ake yi. Ana farawa da prednisolone mai yawa, a haɗa da wani kamar methotrexate ko azathioprine ko mycophenolate don a samu a riƙa rage na farkon a hankali. Idan abin ya yi tsanani akwai ƙarin ruwan antibodi da ake tacewa daga jinin masu ba da gudummawa, wanda Amurka ta amince da shi don wannan ciwon a 2021, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin mafi yawanmu. Akwai kuma sababbin magunguna irin su tofacitinib masu toshe saƙon intaferon kai tsaye, waɗanda likitocin ƙasar Sin suka ruwaito a 2019 cewa sun taimaka wa masu ciwon huhun MDA5. A nan bairas ya sake dawowa ta bayan gida. Idan aka danne garkuwa, ƙwayoyin da ke kwance sai su farka. Ƙidayar 2018 ɗin nan ta nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. A ba irin wannan mutumin maganin danne garkuwa ba tare da an gwada shi an kare hantarsa ba, ana iya rasa shi. Haka ma tarin fuka. Allurar rigakafi mai ƙwaya rayayyiya, kamar ta zazzaɓin shawara, ba a yi wa wanda ke kan waɗannan magungunan sai likitansa ya yarda, amma sauran alluran ma ƙarfafa shi ake yi ya karɓa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda ake sayen prednisolone da dexamethasone a kemis kamar alawa, wasu don ciwon jiki, wasu a cikin haɗin ƙiba da ake ce wa sha ka fashe. Mai mayosaitis idan ya sha zai ji ɗan sauƙi, CK ya sauka, alamun su dushe, likita ya ruɗe, ga shi kuma maganin kansa idan an daɗe a kai yana narkar da tsokar cinya, ya ta da sukari da hawan jini. Mu ma an ba mu wannan shawarar a lungu, Allah ne ya tsare ba mu ɗauka ba.

Ba kowace kasala ce bayan zazzaɓi mayosaitis ba, nesa ba kusa ba. Mafi yawa gajiya ce ko ƙarancin jini, wata kuma matsalar maƙoƙo ce ko ƙarancin sinadarin fotasiyam. Idan tsoka ɗaya ce ta kumbura da zafi da zazzaɓi, wannan galibi ƙurji ne mai mugunya a cikin nama, na bakteriya, wanda ya yawaita a ƙasashe masu zafi, shi kam maganin kashe ƙwayoyi da tsagawa yake so. CK ma sai an karanta shi da hankali, don baƙar fata, musamman maza masu aikin ƙarfi irin 'yan dako, nasu ya fi na Turawa yawa ko suna lafiya. Amma idan makonni suna wucewa ƙarfi na ƙara raguwa maimakon dawowa, a cinya da kafaɗa duka biyu, ga duhu a fatar ido ko gaɓoɓin yatsu, to lokacin gwajin CK ya yi, kuma kusan kowane babban ɗakin gwaji a Legas na yin sa. A fatarmu ƙurajen ba sa yin ja ko shuɗi-shuɗi kamar a hotunan littattafan Turawa, duhu suke yi, shi ya sa ake wuce su. Idan kuma ruwa ya fara shaƙe mutum wajen haɗiya, ko numfashi ya fara gajarta, ba a kwana. Asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da na LASUTH da ke Ikeja duk suna da sashen cututtukan gaɓoɓi da garkuwar jiki.

Yaya ta yi wata 3 kafin ta ɗaura ɗankwali da kanta, wata 7 kafin ta koma sujada, tare da zirga-zirga sashen gashi da motsa jiki sau 2 a mako. Har yau tana kan magani ɗaya, ana auna mata jini duk bayan wata 3. An sa mata rumfa a kan tanda saboda rana, an kuma canza mata kujerar da mai tsayi. A cikin jakarta akwai wata takarda da na rubuta mata sunan ciwon da na maganin, wadda take miƙa wa duk wani likita ko mai kemis kafin ya ba ta komai. Idan ta ji zazzaɓi yanzu ba ta aiken yaro kemis, waya take bugo min: "Auta, zo ka kai ni." Watan jiya mun sake bin gadar Mile 12 tare. Ta huta sau ɗaya a tsakiya, sannan ta ƙarasa.